Kiyashin da Suka Riga Mu Sani

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga autata Falmata,

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, tare da roƙon Allah Ya sa ki buɗe wannan takarda cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yar jaririyarki. Allah Ya tsare ku a hanya, Ya tsare ku a sabon mazauninku na Akurba, Ya sa ku shige shi da ƙafar dama.

Na san za ki yi dariya, ki ce Iya ga waya a hannunta amma ta koma rubutu kamar zamanin da take koyarwa. A cikin kwana arba'in ɗin nan da kika yi a ɗakina kina wankan jego, sau uku ina buɗe baki zan faɗa miki wannan magana, sau uku ina fasawa. Shi ya sa na rubuta, na cusa cikin kayan jaririya. Gobe idan kin gama jera kaya, ki zauna ki karanta a natse.

Ranar Talata na je ganin gidan da za ku koma. Tsohon gida ne, ginin ƙasa da aka shafe da siminti, silin ɗinsa na katako, ga bishiyar mangwaro ta kwanto a kan kwanon rufin. Maigidanki ya yi ƙoƙari, ya yi fenti, ya gyara ƙofofi. Amma a bayan tagar kicin na ga layin kiyashi siriri kamar zare, ya taso daga gindin bango ya shige ƙarƙashin silin. Na tsaya ina kallonsa har maigidanki ya ce, "Iya, lafiya dai?" Na ce lafiya lau. Ban faɗa masa gaskiya ba.

Gidanmu na farko, na cikin garin Lafiya bayan kasuwa, irin wannan ginin ne. Kin bar shi kina yarinya, abin da za ki iya tunawa kaɗan ne. Mun shige shi ina da cikinki. Sati bai cika ba na fara ganin kiyashi a gwangwanin suga. Na share, na zuba kananzir, suka ɓace. Bayan kwana uku suka ɓullo ta ƙarƙashin randa. Na sake zubawa, suka ɓullo ta ramin soket. Kullum da safe tsintsiya ce a hannuna, ina tara su baƙi ƙirin a bakin ƙofa, ina jin daɗi wai na yi aiki.

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga wata mata ce Bagwandariya, ana ce mata Mama Asabe. Manomiya ce, mutanenta suna can wajen Arikya, tana sayar da doya da gyaɗa a ƙofar gida. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Wata safiya ta leƙo ta katanga ta gan ni da galan, ta ce, "Malama, wanda kana kashewa 'yan aike ne. Mai gidan yana cikin bango, yana haihuwa."

Na ce mata na gode, na ci gaba da abin da nake yi. A raina na ce, ni da nake koyar da kimiyya a firamare, mai sayar da doya ce za ta koya mini ƙwari? Wannan ne kuskurena na farko, kuma na yi wata shida a cikinsa.

Don haka, Falmata, idan kin ga layi kada ki yi saurin share shi. Ki durƙusa ki bi shi da ido har inda ya fito. Idan ramin yana tsakar gida, ki tafasa ruwa ki ɗura masa, yau da gobe da jibi. Idan cikin bango ne, akwai garin magani na 'yar leda wanda su da kansu suke ɗauka su kai wa uwarsu. Ki barbaɗa kaɗan a bakin ramin, inda hannun yaro ba zai kai ba, ki yi haƙuri da ganinsu na 'yan kwanaki. Sai layin ya mutu sannan a toshe tsagar da siminti. Ki sa a sare reshen mangwaron nan da ya taɓa kwano, domin shi ne gadarsu. Famfon bayan kicin yana ɗiga, na gani, a gyara shi. Ruwa yana kawo su fiye da suga. Ƙafafun kabad ɗin abinci kuma ki tsoma kowace a gwangwanin ruwa.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, kuma ke ya shafa.

Kina wata bakwai. Na wayi gari na ga kiyashi a kan zanin goyonki, wajen da nono ya zuba, har biyu sun shiga kunnenki. Raina ya ɓaci. Na je kasuwa na sayi maganin ƙwari fiya-fiya, irin wanda ake ɗurawa a kwalba ba takarda ba suna. Mai sayarwa ya ce murfi ɗaya ya isa ɗaki. Na zuba rabin kwalba. Na yayyafa a gindin bango, ƙarƙashin gado, har jikin katifa, na rufe ƙofa da taga. Da azahar na buɗe, na ga iska ta ɗan shiga, na shimfiɗe ki na fita wanke-wanke.

Abin da na fara lura da shi shiru ne. Gidan nan kullum akwai motsi a cikin silin, tsaka ko ɓera ko ƙadangare. Ran nan babu ko ɗaya. Na ajiye kwano na saurara, ba na jin komai sai ɗigar ruwa daga hannuna. Da na nufo ɗakin, na ga kyanwarmu kwance a bakin ƙofa, bakinta da kumfa. Na tsallake ta. A tsakar ɗaki tsaka huɗu sun faɗo daga sama, cikinsu fari yana kallon silin. Ke kuma kina kan gado, idonki a buɗe, ba ki kuka. Yawu ya jiƙe wuyan rigarki. Baƙin idonki ya tsuke ya koma kamar kan allura, ƙirjinki yana wani ƙara kamar ana jan ruwa da tsinke.

Ban san yadda na fita ba. Ba mayafi, ba takalmi, na tare ɗan okada a bakin titi. Kwana uku muka yi a asibiti. Likitar da ta karɓe ki ba ta yi mini faɗa ba, ta dai tambaye ni, "Mama, me kika fesa?" Ni kuwa ko sunan abin ban sani ba. Babanku ya gaya wa dangi zazzaɓi ne, ya rufa mini asiri har ya koma ga Allah. Yau na buɗe da kaina.

Kada maganin da ba shi da suna ya shiga gidanki, ko kyauta aka ba ki. Mai sunan ma, ki karanta takardarsa, ki fitar da yarinya da abinci da ruwan sha, kada ya taɓa shimfiɗa, kuma kada kowa ya kwanta a ɗakin ranar. Idan rai ya ɓaci, ki ajiye kwalbar har ya huce. Fushi ne ya auna mini rabin kwalba.

Da muka dawo daga asibiti, bayan sati biyu, kiyashin suka dawo ta ramin soket ɗin nan, kamar ba a yi komai ba.

Daminar da ta biyo baya ce kwarkwasa ta shigo mana. Ban sani ba ko kin taɓa ganinta, domin yanzu cikin gari ya cika da siminti, amma Akurba bakin daji ne, za ki iya gani. Da hantsi ne, an kwana ana ruwan farko. Ina tankaɗe a tsakar gida sai na ga kyankyasai suna fitowa daga bango da rana tsaka, ba ɗaya ba, ba goma ba. Bayansu gizo-gizo, bayansu kunama biyu, suna wucewa ta gefen ƙafata ba su kula ni ba. Wani ɓera ya fito da ɗansa a baki. Duk gabas suka nufa. Kaji suka yi tsit. Sai na ji wani sauti daga bayan makewayi, kamar yayyafi a kan busasshen ganye, alhali sama tas take.

Na leƙa. Baƙin abu ne shimfiɗe a ƙasa, faɗinsa ya kai zira'i, yana malalowa ta ƙarƙashin katanga kamar an kwance bakin kwata. Ba a ganin ƙarshensa.

Na ruga na ɗauko kananzir da ashana. Ina shirin ƙyastawa aka riƙe mini hannu ta baya. Mama Asabe ce, ta shigo ban ji ta ba.

"Kana so ka ƙone gida? In ka taɓa shi, zai watse ko'ina. Ɗauki yaro. Kwance akuya. Buɗe kaji. Fita!"

Na goya ki, na yi yadda ta ce. Ita kuma ta kwaso toka a murhuna ta ja layi mai kauri a bakin ɗakin kwana da bakin rumbun hatsi, tana tafe tana magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Addu'a ce take yi, amma a lokacin ban sani ba. Muka koma ƙofar gidanta muka zauna. Kwarkwasar ta bi kicin, ta hau bango, ta shiga silin, muna jin motsinta daga waje. Da ta iso layin tokar sai ta karkata, ta wuce. Kafin la'asar babu ko ɗaya. Gidan ya yi fes, ko kyankyaso babu. Sai kazata guda da ke kwanci a ƙarƙashin kwando, wadda na manta. Na ɗaga kwandon na tarar da gashi da ƙashi a zaune a kan ƙwai, yadda take zama.

Idan kin ga ƙwari suna gudu da rana, kada ki tsaya tambaya. Yarinya tukuna, sannan duk abin da ke ɗaure ko a rufe. Kada ki taɓa barin jaririya a shimfiɗe a ƙasa ki shiga wanka, musamman farkon damina. Ki riƙa ajiye toka a bokiti ko da gas kike girki.

Ya kamata daga ranar in riƙe matar nan hannu biyu. Abin da ya shiga zuciyata daban ne. Na riƙa tuna yadda baƙin abin nan ya karkata a gabanta, da maganar da take yi ƙasa-ƙasa. Na ba wata 'yar'uwata labari, ta riƙe baki ta ce, "Wanda ya iya sallamar su ai ya iya kiran su." Na ce mata ta daina, amma maganar ta zauna.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Kina shekara shida, kiyashin gidan suka canja hali. Na riga na koyi toshe tsaga da rufe abinci, sun bar kicin. Sai suka koma bin Babanku. Mu biyar ne a gidan muna shiga makewayi ɗaya, amma sai ya fito za ki ga sun yi layi zuwa inda ya tsuguna. In na tara wanki, wandonsa kaɗai suke hawa, su bar nawa da naku. Na canja wa kayansa wuri, na rataye a ƙusa, suka bi bango suka same su. Na raba masa buta, suka kewaye inda yake ajiye ta. Wata rana na zauna na zuba ido: layin ya fito daga gindin katangar Mama Asabe, ya ratsa tsakar gida, ya wuce tabarmata, ya wuce kwanon tuwon da na ajiye da gangan a buɗe, ya tafi kai tsaye wajen takalminsa.

A lokacin ya fara ramewa. Yana cin abinci kamar mutum biyu, yana shan ruwa randa-randa, wuyan rigarsa kuwa sai faɗi yake ƙarawa. In na yi magana ya ce, "Zafin Lafiya ne, Malama, kowa ma yana shan ruwa."

Ina shanya wata safiya Mama Asabe ta kira ni ta katanga. Ta rage murya ta ce, "Malama, na ga abin da yana bin wandon Malam. Kai shi asibiti. Fitsarinsa yana da zaƙi. Haka ya yi wa yayana, kafin ƙafa ya ruɓe."

Falmata, da kunnena na ji "asibiti". Amma abin da zuciyata ta ɗauka shi ne "ƙafa ya ruɓe". Na ji kamar ta faɗa mini abin da ta shirya. Na ce, "Ta yaya kika san abin da ke cikin fitsarin mijina? Daga katangarki suke fitowa. Ki janye abinki, ko in tara miki unguwa." Na faɗa da ƙarfi, mata suka leƙo. Ta dube ni, ta sauka daga kan turmin da ta taka.

Daga ranar aka daina sayen doyarta a layinmu. Yara suka riƙa gudu in sun hango ta. Kafin kaka ta kwashe kayanta ta koma wajen danginta. Ni kuwa na shiga neman taimako: rubutu, turare, abin binnewa a gindin katanga. Wani mai magani ya ce a riƙa ba shi zuma cokali uku safe da yamma don karya sammu. Da hannuna na riƙa ba shi. Damina biyu muka yi a haka. Matar ta tafi, kiyashin ba su tafi ba, kuma ko wannan bai sa na farka ba.

Ranar wata Juma'a ya dawo daga masallaci, ya ci abinci, ya shimfiɗa tabarma a inuwa ya kishingiɗa. Kwana biyu kafin nan ya yi tuntuɓe, ɗan yatsansa ya fashe, ya ce ba ya ciwo. Na fito daga kicin na hango shi yana barci, fuskarsa a sake, har da ɗan murmushi. Na ce a raina, yau kuma Malam safa ya sa a ƙafa ɗaya, cikin wannan zafi? Na matso in cire masa. Sai na ga safar tana motsi.

Tun daga yatsu har idon sawu sun rufe ƙafar, ba a ganin fata. Suna shiga ciwon suna fita. Na yi ƙara, ya buɗe ido ya ce, "Lafiya, Malama?" Na nuna masa. Ya ɗaga kai ya dubi ƙafarsa kamar ta wani ce. Ya ce a hankali, "Wallahi ban ji komai ba."

A asibiti, ɗigon jini ɗaya suka ɗiba a yatsa. Minti bai cika ba ma'aikacin ya dubi na'urar, ya dube mu, ya fita ya kira likita. Ciwon suga ne, ya daɗe, ya kashe jijiyoyin ƙafar. Likitan ya tambaya ko ba mu ga wata alama ba. Ni na ce, "Kiyashi suna binsa." Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce shekara biyu. Ya ajiye biro.

Sauran kin sani. Yatsa, sannan ƙafar, sannan idanu, sannan shekara huɗu a kan kujera a zaure kina karanta masa jarida. Bai taɓa cewa laifina ne ba, ko sau ɗaya. Na kan so da ya faɗa.

Ga shawarata, kuma ita ce babba. Kiyashi ba ya zuwa banza, akwai abin da ya ji. Idan ya bi bango, ki nemi danshi. Idan ya bi kabad, ki nemi abin da ya zube. Idan ya bar abinci ya bi mutum, ko wurin fitsarinsa ko tufafinsa, ranar nan ba gobe ba, a tafi asibiti. Addu'a kuwa ki yi ta a hanya, ba ta hana gwaji. Kuma za ki tarar da maƙwabta a Akurba masu yare iri-iri, waɗansu Hausarsu za ta ba ki dariya. Idan ɗaya ta faɗa miki abin da ba ki so ji ba, kada ki tambayi kanki yadda aka yi ta sani. Ki tambayi kanki ko gaskiya ne.

Da na fita takaba na shiga mota zuwa Arikya, ban gaya wa kowa ba. Na yi tambaya har aka kai ni. Na same ta a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, ta tsufa ƙwarai, ido ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na yi sallama. Ta gane muryata.

"Malama. Yaya Malam?"

Na ce, "Ya rasu, Mama."

Ta ajiye tiren. Ta yi kuka irin wanda ni kaina ban yi ba ranar jana'iza. Na ce na zo ne ta yafe mini, na ɓata mata suna, na raba ta da sana'arta. Ta share ido da bakin zani ta ce, "Wannan ya wuce, na yafe. Ni ma ina da laifi. Sau biyu na zo Lafiya, na tsaya a bakin layinku in sake faɗa maka, na ji tsoron fuskarka, na koma." Ta kama hannuna ta riƙe. "Abin yana bin jini. Yayana ya tafi, ɗansa ma yana da shi. Yaranka, kai su a duba."

Na ce to. Na dawo gida, ban kai ku ba. In na ce ku je gwaji za ku tambayi dalili, in kun tambaya sai na faɗi duk abin da ke cikin takardar nan, ni kuwa ban shirya ku dube ni da shi ba. Shekara goma sha uku ke nan ina riƙe da saƙon matar nan, ita ta daɗe da rasuwa. Jiya na kira yayyenki biyu na faɗa musu da baki. Ke ce na kasa, domin ke kika fi zama kusa da shi.

Ki je a duba jininki cikin satin nan, Falmata. Kada ki jira ki ji wani ciwo. In kin ga ba za ki iya zuwa ke kaɗai ba, ki kira ni in zo in riƙe miki yarinya a bakin ƙofa. In kuma kin ga ba ki son ganina na ɗan lokaci bayan kin karanta wannan, na fahimta, ba zan yi fushi ba. Ki dai je.

Allah Ya jiƙan Babanku, Ya jiƙan Mama Asabe, Ya haskaka makwancinsu. Allah Ya tsare ki da maigidanki da jikata daga abin da ke fili da abin da ke ɓoye, Ya ba ku lafiya mai ɗorewa da maƙwabta na gari, Ya ba ki kunnen jin gaskiya tun tana da amfani. Ki gaishe da maigidanki, ki shafa mini kan yarinya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Iya